Tambaya da Amsa: Jami'o'in Katolika na Amurka, wacce ta dace da 'yarmu?

Tambaya: 'Yata ta ci jarrabawar WAEC da sakamako mai kyau, tana son karanta huldar ƙasa da ƙasa a Amurka. An ba mu sunayen Georgetown, Notre Dame da Boston College, aka ce duk na Katolika ne. Wacce ta fi suna, wacce ta fi sauƙin shiga, kuma za a takura mata a kan addininta? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, a cikin ukun nan babu mai sauƙin shiga. A 'yan shekarun nan Georgetown da Notre Dame suna ɗaukar wajen mutum 1 cikin kowane 10 ko 8 da suka nema, Boston College ta ɗan fi su sassauci kaɗan. Galibin waɗanda ake mayarwa su ma masu ƙwazo ne, don haka sakamakon WAEC mai kyau kawai zai sa a duba takardunta ne, ba shi zai ba ta gurbi ba.

Ga fannin da take so, Georgetown ce gaba. An kafa ta a 1789 a birnin Washington, kuma makarantarta ta harkokin diflomasiyya tana aiki tun 1919. Ofisoshin jakadanci da Bankin Duniya duk suna cikin garin, ɗalibai kan yi aikin koyo a can ana tsakiyar zango. Notre Dame, wadda aka kafa a 1842 a jihar Indiana, ta fi ƙarfi a kasuwanci, injiniyanci da kimiyyar siyasa, kuma tsofaffin ɗalibanta sun shahara wajen jawo na baya.

Batun addini kuwa, babu wadda za ta tilasta mata shiga coci. Amma yanayin ya sha bamban. Georgetown da Boston College na limaman Jesuit ne, wata ƙungiya ta limaman Katolika, kuma ɗalibansu gauraye ne sosai. Georgetown ta ɗauki limamin Musulmi na dindindin tun 1999, ana kuma sallar Juma'a a harabar. A Notre Dame kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai Katolika ne, kowane gidan kwana yana da ɗakin ibadarsa. Sai dai akwai abin da iyaye da yawa za su so a can: gidajen kwanan maza daban, na mata daban, kuma akwai ƙayyadadden lokacin ziyara. Duka ukun suna wajabta darussan tauhidin addini da falsafa ga kowa, ko da lissafi yake karantawa. Darasi ne da jarrabawa, ba wa'azi ba, amma gara ta san da shi tun yanzu.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne kuɗi. Shekara ɗaya a kowacce, da makaranta da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Boston College ba ta ba ɗaliban waje tallafin da ake bayarwa bisa buƙatar iyali, sai 'yan guraben tallafin ƙwazo ƙalilan. Georgetown tana bayarwa, amma kuɗin da ta ware wa 'yan waje kaɗan ne. Notre Dame kuwa ta sanar a 2024 cewa ba za ta duba ƙarfin aljihun mai nema ba wajen ba shi gurbi, har da 'yan ƙasashen waje, kuma za ta cike giɓin abin da iyali ba za su iya biya ba, ba tare da bashi ba. Idan ba za ku iya biyan cikakken kuɗi ba, wannan ya mayar da Notre Dame ta farko a jerinku, duk da cewa Georgetown ta fi dacewa da fannin.

Ku lura da tarkon nema da wuri. Boston College tana da tsarin nema da wuri wanda idan aka ɗauki 'yarki ta cikinsa dole ta je, ta janye sauran takardunta. Wanda bai tabbatar da kuɗinsa ba kada ya kusanci wannan. Georgetown da Notre Dame suna karɓar takardun farko zuwa 1 ga Nuwamba ba tare da ɗaure ɗalibi ba, amma sun hana a haɗa da irin wancan tsarin mai ɗaurewa a wata jami'a. Georgetown tana buƙatar SAT ko ACT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, saboda haka 'yarki ta zauna jarrabawar kafin Oktoba. Fom ɗin CSS Profile na bayanin kuɗin iyali kuma a cika shi tare da takardar nema. Masu jira sai an ba su gurbi sukan tarar an raba kuɗin.

Kada ta tsaya a uku. Ta ƙara Fordham a New York, inda hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya take, jami'ar da ke ɗaukar kusan rabin masu nema ko fiye, ko Villanova kusa da Philadelphia, inda Fafaroma Leo na 14 ya kammala digirin lissafi a 1977. Ofishin EducationUSA da ke Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, yana duba irin wannan jeri kyauta, kuma ya fi kyau ku je tun watan Yuni ko Yuli, kafin a fara rubuta maƙalar nema.