Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ƙidayar Itatuwan Kurmi

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne kan binciken da masana daga ƙasashe daban-daban suke yi tare a cikin kurmi, wato dazuzzukan nan masu duhu da ruwan sama ba ya yanke musu. Mun zaɓi guda biyar.

Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce akwai filaye a cikin kurmi da aka ƙirga kowace bishiya aka ba ta lamba. Yaya ake yin haka ba tare da an rikice ba? Daga wani ɗalibin ilimin gandun daji, Gombe.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya. Na farko irin wannan fili an kafa shi a 1980 a tsibirin Barro Colorado da ke Fanama, aikin Stephen Hubbell da Robin Foster. Girmansa hekta 50, tsawo mita 1,000, faɗi mita 500. Daga shi tsarin ya bazu, har ya zama gamayyar da ake kira ForestGEO ƙarƙashin cibiyar Smithsonian ta Amurka, mai filaye sama da 70 a duniya. A Afirka akwai na Korup a Kamaru da aka fara a 1996, da na Ituri a Kwango, da na Rabi a Gabon. Najeriya ma tana da nata a Ngel Nyaki, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, hekta 20 da 'yan kai, an fara shi a 2014.

Aikin yana somawa da safiyo, ba da bishiya ba. Ana yanka filin gida-gida, kowane gida mita 20 a tsaye, 20 a kwance, a kafa turke a kowace kusurwa. Hekta 50 tana ba da gidaje 1,250. Kowane gida kuma a sake raba shi 16, mita biyar-biyar, don a iya zana inda kowace bishiya take a taswira. A nan ake tafka kuskuren farko: mita 20 ɗin da ake nufi na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Idan gangaren ya kai digiri 20, sai an ja tef mita 21.28 a kan ƙasa kafin a samu 20 na gaskiya. Wanda ya manta da wannan gyara zai ƙare da filin da bai kai girman da ya rubuta ba, duk lissafinsa na "itatuwa kaza a hekta" ya karkace.

Bayan turaku sai awo. Duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1 ana shigar da shi, wato har wanda bai wuce yatsa ba. Ana auna kaurin a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin mutum. Kada a dogara da ƙirjin mai awo, domin mutane ba tsawonsu ɗaya ba. A yanko sanda mai mita 1.3 a riƙa jingina ta. A kan gangare, daga ɓangaren tudu ake tsayawa. A share gansakuka da ɓawon da ya saki, a zura tef ɗin ta ƙarƙashin tsire-tsiren da suka nannaɗe gangar, kada a haɗa da su. Tef ɗin na musamman ne, an riga an raba zagaye da 3.14 a jikinsa, yana nuna kauri kai tsaye. In babu shi, tef ɗin tela ma ya yi, sai ka raba da kanka. Ƙananan itatuwa kuwa da kalifa, wani ma'auni mai baki biyu kamar matsefi, ake kama su. Wanda ya yi rassa biyu ƙasa da mita 1.3, kowane reshe awonsa daban.

Sai a shafa fenti daidai inda tef ya zauna. Wannan layin fenti shi ne ran aikin gaba ɗaya, domin bayan shekara biyar za a dawo a sake awo, kuma yawancin itatuwan kurmi 'yan milimitoci kaɗan suke ƙarawa a shekara. Idan tef ya sauka ko ya hau da taki guda daga wurin farko, kuskuren zai iya fin girman da bishiyar ta yi.

Babbar matsala ita ce itatuwa masu fiffiken gindi irin na rimi. A mita 1.3 fiffiken za ka auna, ba gangar ba. Ƙa'ida ita ce a hau tsani a auna santimita 50 sama da inda fiffiken ya ƙare, wani lokaci mita huɗu ko biyar daga ƙasa. Fiffiken kuma yana hawa da shekaru. Ranar da ya kusa cim ma layin fenti, dole a matsa sama, amma a auna tsohon wurin da sabon a rana ɗaya, a rubuta duka biyun da tsayinsu. In ba haka ba, tunda ganga tana sirancewa ta sama, takarda za ta nuna bishiyar ta rame alhali girma ta yi.

Lambar kuwa a kan ɗan farantin alminiyam ake buga ta. A manyan itatuwa ana kafa ta da ƙusar alminiyam, nesa da layin fenti, domin ƙusa tana sa wurin ya kumbura. Ƙusar ƙarfe tana tsatsa. A bar wa ƙusar sarari a waje, in ba haka ba ɓawo zai haɗiye lambar cikin 'yan shekaru. Ƙananan itatuwa ana ɗaura musu da zare sako-sako don kada ya shaƙe su. A Korup an yi wa itatuwa sama da 300,000 haka, iri kusan 500. A Ngel Nyaki sun haura 40,000, iri sama da 100.

Ina jin ana cewa daji kaza yana riƙe da tan kaza na kabon. Wa ya ɗora shi a sikeli? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Malama, an ɗora wasu a sikeli da gaske. An sare itatuwa kusan 4,000 a wurare da dama na ƙasashe masu zafi, aka auna nauyinsu, aka busar da samfuri, daga nan Jérôme Chave da abokan aikinsa suka fitar da ƙa'idar lissafi a 2014. Yanzu abu uku ake buƙata ba tare da an sare komai ba: kauri a santimita, tsawo a mita, da nauyin irin itacen, wato giram nawa busasshensa yake yi a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi.

Ga misali. Bishiya mai kauri 50, tsawo 30, nauyin itace 0.6. A ninka 50 da 50, a samu 2,500. A ninka da 30, a ninka da 0.6, a samu 45,000. A kalkuletar kimiyya a ɗaga wannan lamba zuwa ƙarfin 0.976, sannan a ninka da 0.0673. Amsar ita ce kilo 2,340 ko kusa da haka, busasshen nauyin abin da ke saman ƙasa, ban da saiwa. Kashi 47 cikin 100 na wannan kabon ne, wajen kilo 1,100. In ana so a san iskar kabon dayoksaid da bishiyar ta zuƙa kafin ta tara shi, a ninka da 3.67, a samu tan huɗu da ɗan ɗoriya.

To duba abin da kuskuren santimita 5 zai yi. Da mai awo ya haɗa da fiffike ya rubuta 55, amsar za ta koma wajen kilo 2,820, ƙarin kashi 20 cikin 100 a bishiya guda. Manyan itatuwa kaɗan ne a fili amma su ke ɗauke da mafi yawan nauyin, don haka su ne bai kamata a yi wa awon ganin ido ba. Sunan bishiyar ma yana da tasiri sosai. Itacen rimi nauyinsa wajen 0.3 ne, na ekki, ɗan'uwan namijin kaɗanya da ke kurmi, wajen 0.9. Kauri ɗaya, tsawo ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya kusan sau uku.

Me ya sa kowace ƙasa ba za ta auna dajinta ita kaɗai ba? Mene ne amfanin wannan haɗin gwiwa? Daga wani ma'aikacin gandun daji, Jalingo.

Malam, fili ɗaya labarin kansa kawai yake bayarwa. A hekta guda akwai itatuwa 400 zuwa 600 masu kauri santimita 10 ko fiye, kuma ɗaya ko biyu cikin ɗari ke mutuwa a shekara. Idan guguwa ta kayar da ƙatuwar bishiya ɗaya, wannan hektar za ta nuna asara mai yawa, ko da dajin da ke kewaye da ita ƙaruwa yake yi. Sai an tara ɗaruruwan filaye ake bambance tsautsayi da abin da ke faruwa da gaske. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sharaɗin shi ne kowa ya auna da ƙa'ida iri ɗaya, in ba haka ba lambobin ba za su haɗu ba.

Wannan ne ya haifar da gamayyar RAINFOR a Kudancin Amurka da AfriTRON a Afirka, masu amfani da filaye 'yan hekta ɗai-ɗai, suna zuba bayanansu a rumbu guda a intanet. A 2020 Wannes Hubau da Simon Lewis da masana daga cibiyoyi kusan 100 suka fitar da sakamakon filaye 565, 244 a ƙasashen Afirka 11, 321 a Amazon, itatuwa wajen 300,000 da aka bibiya shekara 30. Sun gano cewa kurmin da ba a taɓa ba ya zuƙe kimanin tan biliyan 46 na kabon dayoksaid a shekarun 1990, amma a shekarun 2010 ya sauka zuwa biliyan 25. Na Amazon ne ya fara raguwa. Na Afirka ya daɗe yana riƙe da ƙarfinsa, sai daga baya alamar rauni ta fara bayyana. Itatuwa ba su daina girma ba, mutuwarsu ce ta ƙaru saboda zafi da fari.

Akwai tarko biyu da ya kamata ma'aikaci irinka ya sani. Na farko, zaɓen wuri da ido: mutum yana son kafa fili inda manyan itatuwa suka yi kyau, sai lissafin ya fi gaskiyar dajin. A fitar da wurin ta hanyar ƙuri'a a kan taswira kafin a shiga. Na biyu, bakin daji. Binciken da Thomas Lovejoy ya fara da masanan Barazil a 1979 kusa da Manaus, inda aka bar gutsattsarin daji masu hekta 1 da 10 da 100 a tsakiyar makiyaya, ya nuna cewa iska da bushewa suna ƙara kashe itatuwa har mita 300 daga baki, manya sun fi shan wahala. Wannan ya shafi Mambila kai tsaye, inda kurmin ya rage tsibiri-tsibiri cikin ciyawa, gobarar rani tana lasar gefensa, shanu suna tattake 'ya'yan itatuwa. Shi ya sa a Ngel Nyaki aka killace wasu wurare da shinge don a ga yadda dajin zai farfaɗo in an hana wuta da kiwo.

Da gaske ne ƙurar Cadi tana ciyar da dajin Amazon? Daga wani mai karatu, Anjamena.

Da gaske ne, ɗan'uwa. Kwarin Bodele a arewacin Cadi gindin tsohon babban tafki ne, cike da ragowar ƙananan halittun ruwa masu sinadarin fosfaras, wato P ɗin da ke jikin buhun takin NPK. Iskar hunturu mai kawo mana hazo ita ke ɗaga shi. Wani bincike na hukumar NASA a 2015, da tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta tan miliyan 27.7 na ƙurar Sahara yana sauka a Amazon duk shekara, ɗauke da fosfaras wajen tan 22,000, kusan daidai da wanda ruwan sama ke wankewa daga ƙasar wurin. Inda masana suka saɓa shi ne kason Bodele a ciki, domin wasu binciken da suka biyo baya sun nuna sahara ta yamma, wajen Mali da Muritaniya, tana ba da kaso mai yawa.

Turawa suna zuwa su kwashi ganyayenmu da bayananmu su tafi. Me ya rage mana? Daga wata ɗaliba mai digiri na biyu, Jos.

'Yar'uwa, korafin yana da tushe, kuma masana da yawa daga Afirka da Kudancin Amurka sun yi shi a fili: masu shan ruwan sama da cizon ƙwari suna auna itatuwa su ne ake mantawa da sunansu idan an zo buga sakamako.

Dalilin ɗibar ganye dai na gaskiya ne. Ba a tabbatar da sunan bishiya sai an gwada reshenta, in da hali mai fure ko 'ya'ya, da wanda aka adana a ma'ajiyar busassun tsire-tsire. Ana danne shi cikin tsohuwar jarida a busar da shi da wuri. A laimar kurmi, kwana biyu ko uku sun isa ya yi fumfuna. In babu wurin busarwa, a jiƙa shi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin leda a ɗaure, amma sifirit yana lalata ƙwayoyin gado, saboda haka a yagi ɗan ganye daban a sa cikin ƙwayoyin silika masu tsotse laima.

Abin da za ki tsaya a kai shi ne a ɗebi aƙalla kwafi uku na kowane samfuri, kuma na farko ya zauna a gida, a ma'ajiyar Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan ko ta jami'arku, kafin wani ya tafi ma'ajiyar tsire-tsire ta Kew a Ingila. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izinin ƙasa da yarda kan rabon amfani kafin a fita da irin waɗannan kaya. Kafin a kafa turken farko, a rubuta a takarda: wa ke riƙe da bayanan, shekara nawa masu filin za su yi amfani da su kafin a buɗe wa kowa, sunan wa zai fito a rubutu, ɗalibai nawa za a horar, kuma wa zai biya kuɗin awo na biyu. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Tallafin bincike yakan ƙare a shekara uku, awo na biyu kuma sai a ta biyar, sai fenti ya goge, lambobi su zube, aikin farko ya tashi a banza.

A Ngel Nyaki, aikin da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta assasa tun farkon shekarun 2000 yana tafiya ne da jami'o'in Najeriya, ciki har da ta Jihar Gombe, kuma mataimakan da ke awon yau da kullum 'yan ƙauyen Yelwa ne da kewaye. Ɗalibai 'yan Najeriya da dama sun yi digirinsu na biyu da na uku a kan wannan daji. In kina neman wurin aikin digirinki, ki fara da tambayar shugaban sashenku ko akwai yarjejeniya tsakaninku da su, sannan ki nemi kwafin ƙa'idar amfani da bayanan filin ki karanta kafin ki rubuta tsarin bincikenki.