Tambayoyin Masu Karatu: Ina za mu hau keke cikin natsuwa a kewayen Gandun Dajin Binuwai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Garwa, kuma tun da likita ya umarce ni da motsa jiki saboda hawan jini na sayi keke, ina fita da shi kowace safiya bayan sallar asuba. Yanzu hayaƙin babura da cunkoson cikin gari sun ishe ni. Ni da abokaina uku muna so mu yi amfani da hutun ƙarshen shekara mu yi kwana uku ko huɗu a kan keke a wajejen Gandun Dajin Binuwai. Wace hanya ce motoci ba su cika bi ba, kuma shin ana barin mai keke ya shiga cikin gandun?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wannan motsa jiki ya zama sanadin samun sauƙi. Tambayarka ta faranta mini rai, domin da yawa daga cikin mutanen Garwa sun sha wucewa ta gefen wannan daji a cikin mota, tagogi a rufe, ba su taɓa tsayawa sun shaƙi iskarsa ba.

Sai ka fara riƙe yadda wurin yake a ranka. An keɓe dajin, wanda yake a arewacin Kamaru, tun 1932, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1968, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a 1981. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,800 ne. Kogin Binuwai shi ne iyakarsa ta gabas, babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundare ita ce iyakarsa ta yamma, sannan hanyar da ta rabu daga mararrabar Gijiba ta nufi Cholire ta ratsa arewacinsa. Hanyoyin da mai keke zai yi lissafi da su ke nan.

Babbar hanyar dai ba zan ba ku shawarar ku daɗe a kanta ba, duk da cewa ita ce mai kwalta kuma ita ce ta fi jan hankalin wanda ya duba taswira. Dalili shi ne layin dogo da ya taso daga kudu a Ngaundare ya tsaya tun 1974, saboda haka kayan da aka sauke daga jirgin ƙasa domin Garwa da Marwa da Chadi, manyan motoci ne suke kwasarsu su bi ta wannan hanya dare da rana. A lokacin rani kuma motocin auduga suna ƙaruwa a kansu. Hanyar ba ta da faɗi, gefenta ya zaizaye a wurare da dama, kuma idan tirela biyu suka yi kiciɓis, mai keke ba shi da mafita sai ya faɗa cikin ciyawa. Abin da ya fi shi ne ku ɗora kekunanku a kan motar haya daga tashar Garwa, a sauke ku a inda hanyar da kuke so ta rabu, ku adana ƙarfinku domin wurin da ya cancanci gumi.

Ranar farko ku yi ta a hanyar Lagdo, wadda ta rabu da babbar hanya a wajejen Ngong. Ba ta taɓa gandun ba, amma nan ne ƙafa za ta saba kuma za ku gane ko kekunan suna da wata matsala tun kuna kusa da mai gyara. Tana bi ta cikin gonakin masara da gyaɗa da auduga har zuwa madatsar ruwan da 'yan China suka gina tsakanin 1977 da 1982, wadda take ba arewacin Kamaru wutar lantarki. Da hantsi za ku tarar da masunta suna sauke kifi a bakin tafkin, kuma ba za ku rasa mai jin Hausa a cikinsu ba.

Hanyar da nake so ku ba wa mafi yawan lokacinku ita ce ta Gijiba zuwa Cholire. Hanya ce ta jama'a, an san ta da jan burji da ƙura, saboda haka kada ku ɗora lissafinku a kan samun kwalta. Ba da nisa ba daga mararrabar gonaki sukan fara raguwa, itatuwa su rufe gefe biyu: doka da maje da baushe da kaɗanya, sannan a bakin kowane rafi, wanda Fulani suke kira mayo, sai a ga maɗaci da marke sun yi duhuwa. Na taɓa bin ta da sanyin safiyar wani watan Janairu, hazo ya lulluɓe dajin har rana ta fito kamar faranti, ba na jin komai sai ƙarar tayata a kan tsakuwa da kukan zabin daji. A wata kwana na tarar da garken gwaggon biri sun zauna a tsakiyar hanya, babban cikinsu ya dube ni bai motsa ba, sai da na sauka na tsaya can nesa kafin suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya, uwa ɗauke da ɗanta a baya. Idan kuka gamu da irin wannan, ku tsaya, ku ɓoye abincin da ke hannunku, kada ku jefe su kuma kada ku ba su komai. Wanda Allah ya ba sa'a yana iya hango mariya ko gwambaza ko mugun dawa suna ƙetare hanya, musamman kafin rana ta ɗaga.

A inda hanyar ta isa kogin Binuwai ku yi hattara ƙwarai. Dorina ita ce dabbar da aka fi sanin wannan gandu da ita, kuma da dare take fita kiwo ta dawo ruwa da asuba, wato daidai lokacin da mai keke yake son tafiya. Kada ku kuskura ku shiga tsakaninta da ruwa, kada kuma zafi ya ruɗe ku ku yi wanka ko alwala a gurbi mai zurfi, domin akwai kada. Bayan kogin hanya takan kai ku Cholire, babban garin yankin Mayo Rai, inda za ku sami masauki da kasuwa. Masu sauran ƙarfi suna iya zarcewa Rai Buba su ga katangar fadar Lamiɗo, masarautar da ta kafu tun farkon ƙarni na 19.

Game da shiga cikin gandun kansa, amsar da zan ba ka ita ce kada ku yi niyyar hakan da keke. Hanyoyin cikinsa, irin wadda ta tashi daga mashigar Banda ta gangara zuwa sansanin baƙi da ke bakin kogi, an yi su ne domin mai mota da ya biya kuɗin shiga kuma yana tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun. Akwai ɓauna da zaki a wannan daji, kuma ɓaunar da aka firgita a cikin doguwar ciyawa ba ta ba mutum lokacin juya keke. Akwai kuma mafarauta da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ma'aikatan suke fama da su, don haka baƙon da aka gani a ciki ba tare da takarda ba yana jawo wa kansa zargi. Idan kuna son ganin cikin, ku ware rana ɗaya, ku ajiye kekunan a Banda, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota da ɗan rakiya. Haka nan yankunan da suka kewaye gandun yawancinsu wuraren farauta ne da gwamnati ta ba da haya, kuma lokacin farautar a rani yake, saboda haka duk wata ƙaramar hanya da kuka ga ta ratse daji, komai kyanta, ku bar ta.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai. Disamba da Janairu su ne watannin sanyi, hanya ta bushe, ciyawa ta fara kwantawa. Daga Maris zafin wannan kwari yakan haura digiri 40, da damina kuma rafuka sukan cika su yanke hanya. Ku tashi da zarar gari ya waye, ku sauka kafin azahar, kuma a kan burji mai gargada kada ku sa wa kanku fiye da kilomita 40 zuwa 50 a yini, musamman kai da kake shan maganin hawan jini. Ka gaya wa likitanka wannan shiri kafin ku tashi.

Abin da zai fi damun ku shi ne ƙudan tsando, wanda yake zama a duhuwar bakin rafi, yana bin abin da ke motsi, kuma baƙi da shuɗi suna jawo shi. Ku sa riga mai dogon hannu, mai kauri, mai launin ƙasa ko fari, kada ku yada zango a inda kuka ji cizonsa. Kowa ya ɗauki ruwa aƙalla lita biyar, da dabino da ƙuli-ƙuli, da famfo da kayan faci da tib biyu na ajiya, domin ƙaya ba ta ƙarewa kuma mai faci yana iya yin nisa. Keke mai faɗin taya da giya shi ya dace. Kada kowa ya bar katin shaidarsa a gida saboda shingayen jandarma.

Sai batun tsaro, wanda ba zan ɓoye maka ba: an sha samun satar mutane domin kuɗin fansa a yankin Mayo Rai, galibi can wajejen iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya. Matambayi ba ya ɓata. A kowane ƙauye ku sauka ku gai da jauro, wato mai garin, ku faɗa masa inda kuka fito da inda kuka nufa, ku tambayi direbobin da suka biyo hanyar a ranar, kuma idan aka ce ku dakata, ku dakata. Dare kada ya same ku a hanya ko sau ɗaya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Marwa. Ko zan iya yin irin wannan yawo da keke a kewayen Gandun Dajin Waza, tun da shi ya fi kusa da mu?

Amsa: Ɗana, a halin da ake ciki ban yarda ka yi ba. Waza wuri ne mai daraja, an keɓe shi tun 1934, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700, kuma nan ne ake zuwa ganin raƙumin dawa da tsuntsayen fadama. Amma hanyar Mora zuwa Kuseri da ta bi gefensa tana dab da iyakar Najeriya, kuma tun watan Fabrairu na 2013, lokacin da aka sace wasu iyalin Faransawa su bakwai kusa da Dabanga bayan sun fito daga gandun, yankin bai koma yadda yake a da ba. Idan kana son hanya mai natsuwa kusa da gida, ka nufi Mindif da sassafe tare da abokanka, ku huta a gindin dutsen nan mai tsini da ake hangowa tun daga nesa, ku juyo Marwa kafin rana ta take.