Hukuncin Karanta Labaran Fatalwa na Ƙauyukan Ailan

Tambaya: Allah gafarta Malam, karatu nake yi a ƙasar Ailan, an kuma ba mu nazarin tatsuniyoyinsu na fatalwa da aljanu. Ya halatta in karanta, har in ba ƙannena labari?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Karanta su don nazari ko nishaɗi halal ne, muddin ana ɗaukarsu a matsayin tatsuniya kuma ba su shagaltar da mutum daga wajibi ba. Hukumar da aka kafa a Ailan a 1935 ta bi ƙauyuka ta tattara su daga bakin tsofaffi, kuma sanin al'adun mutane ba laifi ba ne. Gaskatawa ita ce matsalar.

Ɗauki banshi, macen da suke cewa tana kururuwa da dare kusa da gidan da za a yi rasuwa. Irin wannan camfi Larabawan jahiliyya suke da shi game da mujiya, wasunmu ma har yau ba su rabu da shi ba. Annabi (SAW) ya kore shi da faɗinsa "la hamata", wato babu camfin mujiya, a hadisin Bukhari da Muslim. Suratu Luƙman aya ta 34 ta keɓe sanin ajali ga Allah. Batun mamaci yana dawowa yawo a daren Samhain, wani bikin gargajiyarsu na 31 ga Oktoba, shi ma ƙarya ne: Suratul Mu'uminun aya ta 100 ta ce akwai barzahu a bayan matattu har ranar tashi.

Aljanu kuwa akwai su, ba ma musu. Amma ajiye musu madara a bakin ƙofa don neman tsari, kamar yadda labaran ke kawowa, shirka ce. Suratul Jinn aya ta 6 ta zargi masu neman tsarin aljanu.

Camfi game da aljanu ya taɓa cin rai. A 1895, a yankin Tipperary, Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget, yana iƙirarin aljanu sun musanya ta.

Game da ƙannenka, ka faɗa musu tun farko cewa ƙagaggen labari ne, kada ka ba wanda bai kai wayo ba, kada kuma ka yi shi dab da barci. Wanda tsoro ya kama ya bar karatun, ya riƙe Ayatul Kursiyyu da "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ".

Wallahu a'alam.