Tagar da ɗan yayarka ya toshe

Tambaya: Ina da ofishin tura kuɗi da buga takardu kusa da babbar kasuwar Garwa, yara shida ke aiki a ciki. Bara ɗan yayata, wanda ya koyi aikin sanyi, ya saka mini kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya toshe tagogin nan biyu da bulo, wai don kada sanyi ya tsere, kuɗin wuta ya ragu. Tun hunturu tari da mura ba su bar yaran ba, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Yanzu ya ce in ƙaro kilim na biyu ya tace iskar. Kwasar adashina ta kusa, jaka 600 ce. In saya ne, ko in buɗe reshe a Ngaundere?

Amsa: Alhaji, ajiye zancen Ngaundere tukuna. Mutumin da yaransa ke kwanciya bi da bi a ɗaki guda ba reshe ne a gabansa ba. Kilim na biyun ma kada ka taɓa shi.

Kuskurenka ɗaya ne: yaron ya ce a toshe taga, ka ce to, saboda ɗan gida ne. Da wani bare ne ya zo da bulo, da ka tambaye shi ta ina iska za ta shigo. Ban ce ya cuce ka ba. Ya iya ɗaura na'ura da cika mata gas, iyakar saninsa ke nan, kai kuwa ka ɗora masa lafiyar mutum shida.

Irin kilim ɗin da ake mannawa a bango ba ya shigo da iskar waje. Ta cikin ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya maido muku. Ragar da ke bakinsa ƙura take tarewa, ƙwayar cuta wucewa take yi. Wato numfashin da mai tari ya fitar da hantsi, shi sauran ke shaƙa har la'asar, da sanyinsa. Ka ƙara na biyu, ka ƙara kuɗin wuta kawai.

A 2021, lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni ga wuraren aiki: lita 10 na sabuwar iska kowace daƙiƙa ga kowane mutum. In ku takwas ne har da masu jiran layi, a ɗaki mai mita 4 da 5, sai iskar ɗakin ta sauya wajen sau biyar a awa. Naka sai an buɗe ƙofa take ɗan motsawa.

Na san wani tela a Marwa da ya yi irin naka, ya rufe shago ruf saboda ƙura na ɓata masa shadda. Almajirinsa ɗaya ya yi ta tari, ana ta ba shi zuma da citta. Ashe tarin fuka ne. Kafin a gane, biyu sun ɗauka, ana saura makonni Sallah. Ɗinkin mutane ya kwana, labari ya zaga unguwa, masu kaya suka kwashe yadinsu. Maganin tarin fuka wata shida ake sha, shi kuwa shagon ya fi haka kafin ya farfaɗo. Don haka duk yaron da tarinsa ya wuce mako biyu, gobe ka tura shi asibiti a gwada majinarsa, kuma kada ka yanke masa albashi. In ka yanke, na gaba zai ɓoye nasa tarin ya zo ya zauna muku.

Na tabbata rasidin wutarka yana aljihu, amma ba ka taɓa rubuta kwanakin da yara suka yi a kwance ba. Ɗauki biro. Yaro ɗaya in yana shigo maka da jaka 4 a yini, uku suka yi kwana biyar-biyar a wata, jaka 60 ta tafi. Nawa toshe tagar ya rage maka a wuta? Bai kai rabin haka ba, ina kyautata zato.

A fasa bulon, a maido taga, musamman wadda ke fuskantar ƙofa, don iska ta ratsa. A saka fanka mai fitar da iska a saman bango, ta riƙa aiki ko kilim na kunne. Na san zafin Garwa a Maris da Afrilu, ya haura digiri 40, ba zan ce ka kashe kilim ba. Bar taga a ɗan buɗe, kowace awa a wangale ƙofa na 'yan mintoci. Ranar da hazo ya yi yawa a rage buɗin, kada a rufe gaba ɗaya. Masu jira kuma a yi musu rumfa da benci a waje. Duk wannan ba zai ci kashi ɗaya cikin huɗu na adashin ba. Sauran ka zuba a jarin tura kuɗin, inda ka san ribarsa.

Aikin fasa bulon kuwa ka ba wani magini daban, don kada kunyar yayarka ta sa a bar rabin tagar a toshe.