Kira yana yankewa idan an hau bene: me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu a Shara Mansur ne a Makka, hawa uku, kuma lokacin Umara 'yan'uwa daga gida kan sauka wurinmu. Rauta, wato na'urar raba waifai, tana ƙasa, na ƙara wata tsohuwa a sama. Amma duk wanda ya hau matakala yana kiran WhatsApp, sai kiran ya yanke. Ekstenda (na'urar ƙara nisan waifai) zan saya ko mesh (na'urori da yawa masu aiki tare a matsayin waifai ɗaya)?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka riƙe riyalinka tukuna, domin alamu sun nuna matsalar ta saiti ce. Rautocinka biyu kowacce tana raba wa wayoyi nata adireshin IP (lambar da ake gane kowace waya da ita a kan waifai). Da baƙo ya hau sama, sai wayarsa ta bar adireshin ƙasa ta nemi sabo, a wannan tsakanin kiran ke katsewa.

Ka ja kebul na intanet irin Cat6 daga rautar ƙasa zuwa ta sama (tana kai mita 100 lafiya). Ka shiga saitin ta sama ka zaɓi abin da aka rubuta Access Point, ko ka kashe mata DHCP (saitin da ke raba adireshin IP), ta yadda ta ƙasa kaɗai za ta riƙa rabon adireshi. Sunan waifai da kalmar sirri su zama iri ɗaya a duka biyun. A zangon 2.4 GHz ka sa ɗaya a tasha (Channel) ta 1, ɗayar a ta 11.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: wayar hannu ce ke yanke shawarar sauya rauta. iPhone, alal misali, tana manne wa wadda ta kama har sai sigina ya faɗi ƙasa da -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina). Saboda haka rage ƙarfin rautar ƙasa kan taimaka fiye da ƙara shi.

Idan an yi wannan duka kuma hawa na uku bai samu ba, to mesh ɗin ya cancanci kuɗinsa. Ka duba kwalin, ko a shagon Jarir ko na eXtra, ka tabbata yana ɗauke da ƙa'idojin waifai 802.11k da 802.11r na 2008 da 802.11v na 2011. Su ne ke sa sauyawar ta yi sauri. A mesh ƙirar TP-Link Deco sai ka kunna saitin sauyawa da sauri (Fast Roaming) da kanka, kodayake wasu tsofaffin wayoyin baƙi kan ƙi haɗuwa da shi.

Ekstenda kam ban ba ka shawara ba. Mai arha yakan cinye kusan rabin gudun intanet, kuma ginin siminti irin na Makka zai ƙara raunana shi.