Turancin da Bakanike Ke Buƙata

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka ƙara kalmomin Turanci. Ka ce kana iya ciniki da mai mota, amma da zarar na'urar gwaji ta rubuto matsala, ko ka buɗe littafin mota, sai kanka ya ɗaure. To, buɗe kunnenka.

Ba sunayen kayan mota ne ke ba ka wahala ba. Duk yaron da ya shekara a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya san fulogi da lagireto da fanbel, ko da Twi da Hausa kaɗai yake ji. Abin da ke kayar da ku shi ne kalmomin aiki, da ƙananan kalmomin sharaɗi da ke maƙale tsakanin sunayen. Littafi zai ce "replace if worn", wato a canza in ya cinye. Wanda idonsa ya tsallake "if" sai ya cire abu mai lafiya, ya sa mai mota asarar kuɗi a banza. Haka "unless" (sai dai in), "until" (har sai), "before" (kafin), "do not exceed" (kada a wuce). Su za ka fara kamawa, domin su ke gaya maka yaushe za ka taɓa abu, yaushe za ka ƙyale shi.

Kada ka haddace kalma ita kaɗai. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu ka sa a aljihun kayan aiki, ya sha baƙin mai ba komai. Duk kalmar da ta tare ka, rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki. Ga dalili. Motoci da yawa da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka suke, kuma tun 1996 doka a can ta wajabta wa motoci tsarin gwaji na OBD-II, shi ya sa lambobin matsala suke iri ɗaya. Idan ka ga P0171, za ta ce "system too lean". Je ka ƙamus, ma'anar farko da za ka tarar ta "lean" ita ce jingina, sai kuma nama marar kitse. Ina ruwan inji da jingina? Sai ka gangara ƙasa za ka gane iska ce ta yi wa fetur yawa. Da ka rubuta jimlar ɗungurungum, ba za ka sake ruɗewa ba.

Sannan ka lura kalmomi dangi gare su. P0300 na cewa "misfire", wato wuta ba ta kamawa daidai a silinda. Wannan "mis" ɗin na gaba, inda duk ka gan shi akwai kuskure. "Over" wuce gona da iri ne, inji ya yi "overheat", noti a yi masa "overtighten" har zarensa ya lalace. "Dis" rabawa, "re" maimaitawa. Ka riƙe waɗannan huɗun, kalmomi masu yawa za su buɗe maka ba tare da ka tambayi kowa ba.

Ƙamus kuwa, ka nemi na masu koyo irin Oxford Advanced Learner's, yana bayani da Turanci mai sauƙi da misalai. Ka kula kuma, mu a Gana Turancin Ingila muka gada, "bonnet" da "boot" muke cewa, littafin Amurka kuwa "hood" da "trunk" zai rubuta.

Kalma biyar a rana ta isa. Ka duba su gobe, ka sake dubawa bayan kwana uku, sannan ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Wayar nan da kake dannawa har dare ya raba, ka ware mata minti goma ka karanta labari ɗaya na jaridar Daily Graphic, ko ka saurari labaran GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa.

Ban raina Turancin Buroka ba, da shi muke neman abinci a garejin nan. Amma jarrabawar sana'a ba da shi ake rubuta tambayoyinta ba, kamfani kuma in ya ba ka motocinsa rahoto a rubuce zai nema. Saboda haka daga makon nan, duk motar da muka gama, kai za ka rubuta jimla uku: abin da mai ita ya kawo kuka a kai, abin da muka gano, da abin da muka canza. Ka kawo min in duba kafin mu rufe.