Bindigar Amurka ba ta zuwa Batsari

Wani matashi ɗan Katsina da ke aikin soja a Amurka ya rubuto mini, ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, ina da girin kad (takardar izinin zaman dindindin a Amurka), barikinmu yana jihar Tekzas. Mahaifina yana ƙauyenmu a yankin Batsari, 'yan bindiga sun kore masa shanu, bana ko gonar nesa bai noma ba. Nan kuwa shagon bindiga kamar shagon waya. Ina so in sayi biyu, in ɓoye ɗaya a motar da zan turo ta kwantena, ɗayar kuma ɗan baffana da ke karatu a nan ya roƙe ni in saya masa da sunana. Ai har gwamna ya taɓa cewa mutane su nemi makami."

Ɗana, Allah ya tsare Baba, ya mayar masa da alheri. Na san abin da ke cin ranka. An koya maka harbi, kana kwana cikin tsaro, wanda ya haife ka kuma ba ya barci sai ɓarawo. Duk da haka, abubuwa biyun nan da ka ambata kada ka yi ko ɗaya.

Kai a karan kanka doka ta ba ka damar saye. A dokar tarayyar Amurka mai girin kad yana iya mallakar bindiga. In ka je shago mai lasisi za a miƙo maka fom mai lamba 4473, ka cika ka sa hannu, mai shago ya tura bayananka ga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ta bincika. Ƙaramar bindigar hannu sai ka kai shekara 21, doguwa 18. Tunda kai soja ne, jihar da aka tura ka aiki ita ake ɗauka jiharka, ka nuna katin soja da takardar turawa. Iyakar alfarmar kaki ke nan. Bindigar aiki ta gwamnati ce. Taka ta kanka in za ta shiga bariki sai an yi mata rajista, in kuma a ɗakunan sojoji marasa iyali kake, a ma'ajiyar makamai za ta kwana. Ka kuma sani, tun 1996 duk wanda kotu ta kama da laifin dukan iyalinsa ba ya sake riƙe bindiga, ko da soja ne.

To, a cikin fom ɗin nan akwai tambaya: kai ne ainihin mai sayen? In ka ce e alhali ɗan baffanka ka saya wa, ka yi ƙarya a takardar tarayya, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Shi kuma bizar ɗalibi gare shi, doka ta hana irinsu riƙe bindiga sai in sun cika wasu sharuɗɗa kaɗan, kamar lasisin farauta. Saya wa wanda ka san an hana shi laifi ne na daban, wanda dokar 2022 ta kai hukuncinsa shekara 15. Ka ce masa a'a, ko da zai kai ƙararka gida.

Maganar kwantena ta fi wannan muni. Fitar da bindiga daga Amurka sai da lasisin gwamnati. Wanda ya cusa ta a ƙofar mota ko ƙarƙashin kujera ɗan fasa-ƙwaurin makamai ne, kuma ko mai girin kad ne, in kotu ta kama shi da laifin bindiga ana iya koro shi bayan ya gama zaman kaso. Kai da shekara ɗaya ta aikin soja ta ishe ka neman zama ɗan ƙasa, za ka zubar da aiki, ka zubar da takardu, kuɗin da kake turowa duk wata ya yanke. Wa zai ciyar da gidan?

A tashar jiragen ruwanmu ma ba barci ake ba. A 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas, a 2024 sun kama 844 a tashar Onne ta jihar Ribas cikin kwantenar da ta fito daga Turkiyya.

Mu ɗauka ta tsallake duk wannan ta iso hannun Baba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da bindigogin yaƙi haramtattu ne, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Bindigar farauta ta Bature lasisinta yana hannun sufeto janar na 'yan sanda, a 2023 ma sai da aka sanar da dakatar da ba da sababbi. Bindigar toka irin ta maharbanmu ce kawai maganarta ke ƙarewa a wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gaskiya ne tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa a 2021 cewa mutane su tashi su kare kansu, kuma na fahimci zafin da ya sa ya faɗa. Amma tsarin mulki ya bar batun makamai a hannun gwamnatin tarayya, maganar gwamna ba ta zama lasisi a gaban alƙali.

Ka hango dattijon nan a shingen bincike kan hanyar Batsari zuwa Katsina, an ɗaga buhun masara an ga baƙar bindiga sabuwa fil. Ba wanda zai tsaya jin labarin shanunsa, sunan da za a fara kiransa da shi mai kai wa ɓarayi makami. A jikin ƙarfen kuma akwai lambar kamfani, lambar nan tana komawa shagon Tekzas, inda fom mai sa hannunka yake ajiye. Ko ba a kama shi ba, ƙauye ba ya riƙe sirri. Ranar da infoma ya kai labari daji cewa gidan wane akwai bindigar Amurka, saboda ita za su zo, kuma ba mutum biyu za su zo ba.

Kuɗin bindigogin nan ka juya su. In da hali ka kama wa Baba da Inna haya a cikin garin Katsina, ko na damina ɗaya ne, sauran dabbobin a sayar ko a kai su wurin dangi inda ya fi lafiya. Na san dattawanmu, da wuya ya yarda ya bar gidan da ya gada. In ya ƙi, ka sa yayyensa ko limamin garin su yi masa magana, kai ba zai ji taka ta waya ba. Tun 2023 gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha, 'ya'yan yankunan ne a ciki. Ka bi ta hannun mai gari ko hakimi ka ji abin da garinku ke buƙata, man babur ne, fitila ce, ko sola ta cajin waya. Ka ba kwamiti a gaban shaidu, kada ka danƙa wa mutum ɗaya.

In kuma ka riga ka sayi wani abu, ko ka yi wa mai kwantena maganar, ka dakatar da motar yau. Barikinku yana da ofishin lauyoyi da ke ba sojoji shawara kyauta, ka je, sannan ka nemi lauyan shige da fice kafin ka sa hannu a kowace takarda.